Lemun Zaƙin da Aka Yi wa Sassabe

Na sayi dashen lemun a wani lambu cikin fadamar Madawa, a shekarar da na bar aiki. Aikin da na bari renon itatuwa ne. Na daɗe ina lebura a wani gandun renon dashe na gwamnati a wajen Garhanga, inda muke cika ƴan ledoji da ƙasa da taki, mu sa iri, mu yi ta ban ruwa, in damina ta zauna a zo da kamiyo, babbar motar kaya, a kwashe a kai kan duwatsu da fako a dasa. Itatuwan da suka bi ta hannuna ba su ƙirguwa, amma kusan dukansu ƙaya ce, bagaruwa da farar ƙaya da ɗakwara, itatuwan tare ruwa da riƙe ƙasa. Ba wanda na taɓa sa ɗansa a baki. Da na tattara kayana zan koma ƙauyenmu kusa da Babankatami, abu ɗaya na sa a raina: kafin ƙarfina ya ƙare in sha lemun zaƙi daga itacen da na dasa da hannuna a gidan mahaifina.

Sai na fara bayyana yadda irin wannan dashe yake, domin duk abin da ya biyo baya daga nan ya taso. Lemun zaƙi ba ya jure ƙasarmu da saiwarsa. Saboda haka masu lambu sukan shuka wani lemu mai tsami, mai ƙarfin saiwa, in ya kai kaurin yatsa su tsaga ɓawonsa, su saka idon lemun zaƙi a ciki, su ɗaure. In idon ya kama ya yi toho, sai a yanke kan mai tsamin. Aure suke kiran wannan aiki. Wurin haɗin yakan bar ƙulli kamar gwiwa, kamar tsawon tafin hannu daga ƙasa. Duk abin da ya fito sama da ƙullin mai zaƙi ne. Duk abin da ya fito ƙasa da shi mai tsami ne, kuma ya fi na saman ƙarfi nesa ba kusa ba. In an ƙyale shi zai shanye ruwan, na saman ya bushe.

Mai lambun dattijo ne marar yawan magana. Kafin in karɓi dashen sai da ya kai ni gindin uwar da ya ciro idon daga jikinta, ya tsinko ɗaya ya yanka ya miƙo mini. Na sha, ruwan yana gangarowa ta hannuna. Sannan ya nuna mini ƙullin a jikin nawa, ya ce in kula da tohon ƙasa. Na ce masa na sani. Na naɗe ledar da jiƙaƙƙen buhu, na hau kabu-kabu, na ɗora shi a cinya ina kare shi daga iska da rigata har muka iso gida.

Gidanmu ɗaya ne, sassa biyu. Wana ne babba, shi ke riƙe da gandu tun rasuwar mahaifinmu. Ni ne auta, kuma har yau da furfurata Auta yake kirana. Matarsa ma haka, sai dai ita da tsokana take haɗawa, kamar yadda matar wa kan yi da ƙanin miji. Na nemi izininsa in dasa a kusurwar tsakar gida, tsakanin sashena da rumbuna. Ya ce in dasa, sai dai bai taɓa ganin lemu ya yi a kan tudunmu ba.

Da gaskiyarsa, gidanmu a kan marmara yake. Da diga na haƙa ramin, har ya kai mini ƙugu. Ƙasar da na fitar ban mayar da ita ba. Na ɗauko wata a amalanke daga ƙarƙashin gawo a gonar gandu, na gauraya da ruɓaɓɓen takin awaki, na barbaɗa toka a bangon ramin saboda gara. Na binne tsohon tulu mai ɗan tsagu a gefe, bakinsa a waje, don ruwa ya riƙa tsatsa a hankali zuwa saiwa. Daga ƙarshe na kewaye wurin da shingen ƙaya, na yi masa ƴar ƙofa ta kara. Matar wana ta leƙo tun ina cikin ramin.

"Auta, wanga rami na lemu ne, ko rijiya kake gina muna?"

Na ce mata in ya yi ɗiya ita ce ta ƙarshe da za ta ɗanɗana. Ta ce in dai a kan dutsen nan ne, ta yafe mini rabonta tun yau.

Shekarar farko ganyen ya yi rawaya, jijiyoyinsa kawai suka rage kore. Na gane ruwan rijiyar unguwarmu ne, zartsi gare shi, har farin gari yake bari a bakin tulun. Na koma ɗebo na fanfo, wanda ke can ƙarshen gari, ina bin layi da bidona, jarkar ɗebo ruwa, a tsakiyar mata da ƴan mata. Ba dattijon da ke yin haka a garinmu, kuma an yi magana a kai. Da damina ta shigo tsutsa ta zo, koriya mai kama da ganyen, tana cinye tohon tun yana laushi. Kullum in na dawo daga sallar asuba sai in jira gari ya waye, in duƙa in bi ganyen ɗaya bayan ɗaya, in juya bayansa, in cire abin da na gani. Karan da na shimfiɗa a gindi don riƙe laima ya jawo gara, na kwashe shi, na sa tsakuwa a madadinsa. Wata rana aka bar ƙofar karan a buɗe, akuya ta shiga ta aske rabin itacen. Da bazara kuwa zana nake kafa masa ta yamma, in ba haka ba ganyen ya naɗe kamar an gasa. Kuma duk safiya, bayan duba tsutsa, sai in shafa yatsa a ƙasan ƙullin in murje duk wani ɗan toho da ya leƙo. Tun yana kamar ƙwayar gero nake kashe shi, saboda haka ba wanda ya taɓa ganin tohon ƙasa a gidan, ba kuma wanda ya san akwai shi.

Da duk wannan, itacen bai yi kyau ba. Ya tsaya iya cinyata, a karkace ta inda akuya ta ci, ganyensa tsilla-tsilla. Matar wana ta sa masa suna gurgu. Amma yana raye, kuma a ɗarin shekara ta uku ya fitar da fure, ƴan kaɗan, farare, ƙanshinsu na kaiwa har bakin rumbu. Na tsinke su duka. Haka ƙa'idar take: itacen da bai yi ƙarfi ba in ya ɗauki ɗa, ɗan zai tsotse shi ya daƙushe. Wana yana tsaye lokacin da nake tsinkewa. Ya tambaye ni ko lafiya. Na bayyana masa. Ya girgiza kai ya ce shi dai bai taɓa ganin manomin da ya yi shekaru yana jiran abu ba, abin ya zo ya sa hannu ya zubar.

A ƙarshen wannan ɗarin idanuna suka tsananta. Yanar ido ce ta rufe su, har tsutsar ma da lalube nake nemanta. Aka ce aiki za a yi, ido ɗaya bayan ɗaya, da hutu a tsakani. Na tafi Madawa da maiɗakina don ta yi jinyata, muka sauka a gidan ɗiyarmu da ke aure a can. Kafin in tafi na damƙa itacen a hannun matar wana. Na nuna mata tulun, na ce bido ɗaya na ruwan fanfo da safe, a ɗaure ƙofa, kuma kada kowa ya taɓa shi da ƙarfe. Ita na gaya wa. Wana ban gaya masa ba, domin ƙane ba ya tsayawa gaban wansa ya ce kada ka taɓa kaza a gidan da wan ke riƙe da shi.

Ta riƙe amana, har ta wuce abin da na ce. Bayan na fanfo, duk ruwan tsarin da ta wanke gero da shi a gindin take juyewa. Itacen bai taɓa samun ruwa haka ba. Ba mai murje tohon ƙasa, sai biyu suka fito ƙarƙashin ƙullin, suka miƙe tsaye, kore shar, masu manyan ƙayoyi. Kafin bazara ta yi nisa sun wuce gurgun tsawo.

A nan dole in faɗi ko wane ne wana a gona, kada a ɗauke shi marar sani. Lokacin da muke yara, sassabe shi ne a share gona tas, a sare duk wani tsiro, a tara a ƙone. Daga baya aka zo da abin da ake kira sassaben zamani. In ka iske kututturen sabara ko kalgo ya fitar da toho da yawa, ba ka sare su duka. Ka zaɓi biyu ko uku mafi ƙarfi da miƙewa ka bari, ka kawar da raunana da karkatattu. Wana na cikin waɗanda suka fara karɓar wannan a garinmu, kuma ya iya shi. Gonar gandun da na bari fako, na dawo na iske ta da itatuwa, gero na fita a ƙarƙashinsu, har daga ƙauyukan kusa ake zuwa kallo. Idonsa ya saba. Da ya ga gindi mai toho da yawa, ya riga ya san wanda za a bari da wanda zai sha adda.

Lokacin sassabe ne kuwa. Wata rana ya dawo daga gona da addarsa a hannu, ya bi ta gefen rumbu, ya ga kara uku a gindi ɗaya: biyu lafiyayyu a miƙe, ɗaya rawaya a karkace. Matarsa ta ce ta gaya masa abin da na ce game da ƙarfe. Ya ce mata ai gyara zai yi, ba ɓarna ba.

Ranar da muka dawo, maƙwabta suka cika zaure suna yi mini barka. Ina zaune da baƙin tabarau da aka ba ni, ina amsa gaisuwa, hankalina na cikin gida. Wana ya miƙe ya kama hannuna, ya ce wa mutanen su biyo mu.

"Taho ka gani da sababbin idanunka, Auta. Na gyara ma itacenka."

Ya kwance ƙofar karan da kansa. Na cire tabarau. Karan nan biyu sun kai mini ƙirji, suna ƙyalli. A tsakaninsu ga ƙullin, a samansa ɗan dungu kamar tsawon yatsa, an sare shi sara ɗaya a gicciye, sara mai kyau na wanda ya iya.

"Shekara uku kana wahala da gurgu," in ji shi. "Ga lahiyayyu biyu Allah ya hiddo. Na bar ma su, na kawar da mai cutar."

Mutane suka yi ta yabawa. Wani ya ce ai itace in ya shiga hannun wana sai ya tashi. Suna dubana suna jiran in yi magana. Na ce, "Sannu da aiki, Yaya." Na mayar da tabarau.

Sai da baƙi suka watse na tambayi matarsa inda aka kai karan da aka sare, ko da sauran ɗanye a jikinsa in ciri ido in sake haɗawa. Ta nuna mini shi a cikin shinge. An cusa shi an toshe wata kafa da akuya ke leƙowa. Ya bushe ƙayau.

Kashegari na sami wana shi kaɗai yana gyaran ƙotar hauya. Na zauna, na bayyana masa daga farko, yadda na bayyana a sama: mai tsami a ƙasa, mai zaƙi a sama, ƙulli a tsakani. Ya saurare ni har na gama, bai daina fiƙar ƙotar ba.

"Saiwa guda, gindi guda," ya ce. "Ƙaƙa itace guda za shi zama biyu?"

Na ce an haɗa su ne tun suna ƙanana. Ya ce shi ya yi wa magarya haka, ya yi wa aduwa, ya yi wa kalgo, bai taɓa barin mai ƙarfi ba ya haifi wani abu dabam da na uwarsa. Ya ce mu ƴan aikin gwamnati muna da son wahalar da abu mai sauƙi. Bai faɗa da faɗa ba. Ya ma yi mini nasiha in huta, in bar ido ya warke, itace ya riga ya kama hanya.

Na bar maganar, amma ban bar duba dungun ba. Bayan ruwan farko, wata safiya, na ga ɓawon ya kumbura a gefe ɗaya, sama da ƙullin. Ban gaya wa kowa ba. Na jira har ya fashe ya fitar da ƴan ganye, na tabbata daga jikin mai zaƙin ya fito. Ido ɗaya ne ya rage a cikin ɗan dungun nan, kuma shi ke nan abin da ya saura na lemun da na ɗauko daga Madawa.

Ba zai rayu ba muddin karan nan biyu suna tsaye. Duk ruwan da saiwa ta jawo su za su sha. Na koma wurin wana na ce ina neman izini in yanke su. Ya ce itacena ne, amma in tuna rabin gari sun shigo sun ga aikinsa, kuma in na yanke, na faɗa wa gari ke nan cewa bai san itace ba. Ya ce in bar ko ɗaya. Na ce ɗaya da biyu duk ɗaya ne a wurin ɗan tohon. Ya ce to, ya tashi ya shiga sashensa.

Na yanke su da hantsi, kowa na tsakar gida. Ban so a ce na yi a ɓoye ba. Na yi amfani da wuƙata ta aiki, na yanke daf da gindi, na shafa toka a wurin. Matar wana tana daka, ta tsaya da taɓarya a hannu tana kallona. Na ja karan biyu na jefa wa awaki.

Tun rasuwar mahaifinmu, in ina gari, ni da wana a zaure muke cin tuwo, akushinsa da nawa a haɗe. Daga ranar ya ce a riƙa kai masa nasa ɗaki. Gaisuwa ba ta yanke ba, muna tsayawa sahu ɗaya a masallaci, amma daga ina kwana sai lafiya lau. Matarsa ta daina juye tsari a gindin, ta daina ce mini Auta. Malam ta koma kirana, kamar baƙo. Maiɗakina ta tambaye ni sau ɗaya ko itace ya kai a ɓata da ɗan'uwa a kansa. Na ce mata ba ni na fara sa masa ƙarfe ba. Ba ta sake tambaya ba.

Na koma kan aikina daga farko. Na kafa ɗan sanda na ɗaure tohon a jikinsa da tsumma mai laushi. Na yi masa ƴar rumfa ta zana saboda rana, tunda ba sauran ganye da zai yi masa inuwa. Gindin kuwa da ya ɗanɗani ƙarfi bai yarda ya haƙura ba, kullum sai ya fitar da sabon toho ta ƙasa, kullum ina murjewa. Ɗan tohon saman ya yi ta tafiya a hankali. Ya kai tsawon yatsa, ya kai tafin hannu, ya kusa kamu ɗaya. Ganyensa ya yi duhu, ya yi kauri. Har na fara tunanin in ya ƙara shekara biyu zan bar masa fure ɗaya ko biyu, in kai wa wana lemun a hannu, ba sai na ce komai ba.

Tsakiyar damina, wata la'asar, hadari ya taso daga gabas da iska a gabansa. Ina masallaci. Kafin in iso gida iskar ta tumɓuke rumfar, zanar ta faɗo kan sandan, sandan ya kwanta ya ja tohon. Bai karye a tsakiya ba, da haka ne da ya sake fitowa. Daga tushe ya ɓalle, ya yago ɓawon dungun har zuwa ƙulli. Na mayar da shi a wurinsa cikin ruwan, na ɗaure da leda, na shafe da laka. Na san ba zai kama ba, amma na yi. Ganyen ya yi yaushi, ya bushe. Dungun ya yi baƙi daga sama yana gangarowa, har baƙin ya tsaya a kan ƙullin.

Wana ya zo ya tsaya bakin shinge ya duba, ya ce Allah shi mayar da alheri. A waje kuma na ji ya ce da na bar manyan nan biyu da sun tare iskar. Ba zan ce ƙarya ya yi ba. Da sun tare iskar, kuma da sun kashe shi da ƙishi kafin iskar ta zo.

Na gwada sake auren da kaina. Na bar toho ɗaya ya yi kaurin yatsa, da ɗari na koma lambun nan na Madawa, dattijon ya yanko mini reshe mai idanu, bai karɓi komai ba. Amma aikin tsaga ɓawo da saka ido aikin mai tsayayyen hannu ne da ganin kusa, ni kuwa hannuna ya fara rawa, idon da aka gyara na nesa yake gani. Bai kama ba. Na sake a shekara mai zuwa, bai kama ba. Daga nan na daina murje toho, na daina bin layin fanfo.

Itacen bai nemi ni ba. Matar wana ta koma juye masa tsari, saiwarsa ta riga ta ratsa marmara. Ya yi rassa, ya wuce katanga, kaji suka koma kwana a inuwarsa da rana. Ni kuma ina jira. Na san ranar da zai yi ɗiya kowa zai ɗanɗana, kuma bakinsu zai gaya musu abin da suka ƙi ji daga bakina.

Ya yi ɗiya, da yawa kuwa. Manya, masu kaushin fata kamar kuraje, ɓawo mai kauri. Da suka fara rawaya wana ya sa aka tsinko a faranti, ya aika a kira ni tsakar gida. Matan duka suna nan. Ya yi bisimilla, ya yanka ɗaya. Ciki iri ne fal, ruwa kaɗan. Ya kai baki ya tsotsa, fuskarsa ta tattare, ya juya ya tofar. Tsami ne da ɗaci a ƙarshensa. Na tsaya ina jira. Ya goge baki, ya dube ni, kuma tausayi ne na gani a idonsa.

"Auta, an cuce ka. Mutumin Madawa ya cuce ka. Mai tsami ya saida ma."

"Bai cuce ni ba, Yaya. Mai zaƙin shi ne ka sare."

Matarsa ta yi dariya, irin wadda ta daɗe ba ta yi da ni ba. "Har yanzu makokin gurgu kake, Auta? Wanga ko banza ya haihu."

Wana ya ɗaga mata hannu ta yi shiru. Ya ce da ni a hankali, in gurgun mai zaƙi ne, wa ya taɓa shan zaƙinsa a gidan nan? Sau ɗaya ya yi fure, ni da hannuna na zubar. Ba ni da wata shaida sai ƙullin, shi kuwa ɓawon gindin ya daɗe da haɗiye shi.

A wannan maraice ya sa aka kawo akushinsa zaure. Ya yafe mini ke nan, tunda ta bayyana ni aka zalunta, ba shi ya yi kuskure ba. Na zauna na ci. Yana ta ba ni haƙuri, yana cewa mutanen lambu haka suke, in sun ga baƙauye da kuɗin sallama a aljihu.

Maganar ta zauna a gari a haka. Wani maƙwabcinmu da ya so sayen dashen mangwaro aka hana shi zuwa lambunan Madawa, aka ba shi misali da ni. Na gyara maganar a bakin masallaci, na ce dattijon nan mutumin kirki ne, har uwar itacen ya nuna mini. Suka gyaɗa kai kamar yadda ake yi wa tsohon da ba ya son a ce an yi masa wayo. Na sake gyarawa a wurin wani suna, aka canza zance. Ban ƙara komawa lambun ba, domin ban san da wace fuska zan gaishe shi ba.

Bara na yi yunƙuri na ƙarshe. Na ce wa wana zan ɗauko wani mai lambu mai ƙuruciya ya rage rassan, ya ɗaura mai zaƙi a kan biyu ko uku, sauran a bar su yadda suke. Ya ce shi tun da yake bai taɓa sa ƙarfe a itace mai ɗiya ba, kuma ba za a fara a gidansa ba. Matan ma suka ƙi. Suna matsa ruwan a kunu in tsamiya ta yi tsada, suna goge tukwane da ɓawon, masu zazzaɓi daga unguwa na aikowa a tsinkar musu ganye su yi sirace. Itacen ya zama na gida.

Da yake ba ya neman ruwan fanfo kuma ba ya tsoron zartsi, maƙwabta suka fara roƙon irinsa. Matar wana tana wanke ƙwayoyin ta shanya a faifai, tana rabawa. Suna fita duk inda aka sa su. Yanzu in na bi unguwa zuwa masallaci ina ganin kawunansu ta saman darni, gida bayan gida, da manyan ƙayoyinsu. Baƙo in ya tambayi wane irin lemu ne wannan mai ɗaci, sai a ce masa irin Auta ne, shi ya kawo shi garin.